Zuciyar Yaro Daga Maƙogwaro Take Lalacewa: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba A Ƙasar Buji

Idan aka ce ciwon zuciya, abin da ke faɗo wa mutumin Gantsa ko Kukuma a rai shi ne wani Alhaji mai tumbi da hawan jini, wanda ya yanke jiki ya faɗi da aka gaya masa motar kayansa ta ƙone. Ba mai kawo 'yar shekara tara a ransa. To, 'yar shekara tara ce ta sa na ɗauki alƙalami. A kan bencin wani asibiti na gan ta, an jingina ta da jikin uwarta domin kwanciya ta gagare ta, ƙafa ta kumbura har silifa ya ƙi shiga, jijiyar wuyanta tana harbawa, bugun zuciyarta kuwa ana ganinsa ta cikin riga. Uwar ta ce asma ce. Kakar ta ce sanyi ne ya shige ta tun bara. Da likita ya tambaya ko ta taɓa ciwon wuya, sai uwar ta yi jim, can ta ce: "Hunturun bara waccan ne, amma ai an cire mata belun."

Wannan rubutu ba na lallashi ba ne. Maigida, uwargida, kaka, alaramma, mai kemis da wanzami, kowa akwai nasa a ciki.

KADA a raina ciwon maƙogwaro a jikin yaro ɗan shekara 5 zuwa 15.

Yawancin ciwon wuya mura ce, tana zuwa da majina da tari da atishawa, ta gama kwanakinta ta wuce. Amma akwai wani iri da wata ƙwayar cuta mai suna sitireptokokas ke kawowa, kuma kamanninsa daban ne: zazzaɓi ya rufe yaro farat ɗaya, haɗiyar yawu ta zama aiki, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi tana zafi idan an taɓa, in ka haska bakinsa da tocila ka ga can ciki ya yi jawur, wani lokaci da ɗigon farin ruwa. Galibi ba tari, ba majina. Shi ma da kansa yake lafawa cikin 'yan kwanaki, kuma nan ne yaudarar take. Sojojin jikin yaro da suka tashi yaƙar ƙwayar cutar sukan rikice, domin wani ɓangare na jikinta yana kama da naman zuciya da na gaɓoɓi. Sai su juya kan gida. Bayan mako biyu ko uku, lokacin da kowa ya manta da ciwon wuyan, su far wa gaɓoɓi, su far wa ƙofofin zuciya.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, da ƙofofi huɗu masu buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo. Wannan ciwo yana cin gefen ƙofar, ta yi tabo, ta ƙanƙance ko ta daina rufuwa. Gaɓa takan warke sarai. Ƙofar zuciya in ta yi tabo, ta yi ke nan. Mutum sama da miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwo a duniya, yana kashe sama da 300,000 duk shekara, kuma kusan dukkansu a ƙasashen talakawa suke. A Ingila da Amurka ya kusa zama labari tun da ɗakunan kwana suka yalwata, fenisilin ya wadata.

A KAI yaron asibiti a kwanakin farko, kuma a ƙarasa maganin.

Maganin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ko dai allurar benzatin fenisilin guda ɗaya tak, ko kuma a sha fenisilin ko amoksisilin na kwana goma cur. Kwana goma, ba uku ba. Yaro zai warware a kwana na biyu ko na uku, ya koma wasansa, ya fara tofar da magani, uwa ta ce ai ya samu sauƙi, a ɗora ragowar a kan taga domin ƙanensa. Wannan ragowar da aka adana ita ce ta bar ƙwayar cutar da rai a maƙogwaro. Idan kin san ba za ki iya bin yaro da cokali har kwana goma ba, ki gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya, ya duba ko allurar ce ta fi dacewa.

Kai kuma mai kemis, KADA ka yanka katin magani ka ba da ƙwaya huɗu don kuɗin da aka zo da shi ke nan. Ka san ba ta isa ba. Wanda ya zo da kuɗin ƙwaya huɗu, ka nuna masa hanyar asibiti. Kada kuma ka mai da kowace mura abin ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan ɓarna ce ta daban, wadda ke sa magani ya daina ci ranar da ake nemansa da gaske.

KADA a kira wanzami saboda ciwon wuya.

Na san wannan zai sosa ran wasu, domin wanzami mutumin gida ne, shi ya yi wa uba aski ranar suna, shi ya yi wa ɗa. Sana'arsa tana da mutuncinta. Amma belu ba cuta ba ne, halitta ce, kowa da nasa aka haife shi. Ya kumbura ne saboda maƙogwaron duka ya kumbura. In an yanke shi, ƙwayar cutar tana nan daram a inda take, an dai ƙara mata sabon rauni, ga zubar jini, ga haɗarin sandarewar jiki daga ƙarfen da bai dahu ba. Mafi muni, hankalin gida ya kwanta, an ce an yi magani. Yarinyar da na ba ku labari a sama, abin da ya faru da ita ke nan.

KADA a ce "sanyi ne" idan ciwon gaɓa yana yawo.

Yau gwiwar dama ta kumbura, ta yi zafi, yaro ya kasa taka ta. Jibi gwiwa ta saki, idon sawun hagu ya ɗauka. Gata kuma gwiwar hannu ko wuyan hannu. Ga zazzaɓi. Ciwon da ke tashi daga gaɓa ya sauka a gaɓa kamar tsuntsu, a jikin ɗan makaranta, babbar alama ce. A nan ne ake sayen ƙwayar kashe zafi a kemis, ciwon ya ɗauke kamar an zare ƙaya, kowa ya yi hamdala, alhali zuciya tana can tana ci. Wasu kuma su kai wa mai ɗori, ko a yi tsaga, ko a kafa ƙaho. A bar duk wannan. A kai shi a sa masa abin sauraren ƙirji. Idan a gidan akwai sikila, ita ma tana kawo ciwon ƙashi, kuma rarrabe su aikin asibiti ne, ba na kaka ba.

KADA a ɗora wa iskoki abin da ba su yi ba.

Akwai wata fuska ta wannan ciwo da ke ruɗa mutane ƙwarai, kuma ta fi kama 'yan mata. Yarinya mai natsuwa sai a ga ta fara fizge-fizge, hannu yana motsi ba da sonta ba, fuska tana yamutsewa, kofi yana suɓuce mata, rubutunta ya lalace, ga saurin kuka. Idan ta yi barci, komai ya tsaya cak. Wannan yakan zo watanni bayan ciwon wuyan, lokacin da ba wanda zai haɗa su. A makaranta a doke ta a ce iskanci ne, a gida a ce mutanen ɓoye ne, a shiga hayaƙi da turare. Ba ni hana kowa addu'a, ni ma ita nake yi. A yi tofi, a yi ruƙiyya, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Fizge-fizgen zai wuce da kansa. Abin da ake jin tsoro shi ne zuciyar da ba a duba ba.

A RIƘE allurar wata-wata kamar yadda ake riƙe ranar kasuwa.

Wannan ita ce magana mafi nauyi a duk rubutun nan, don haka zan daɗe a kanta. Yaron da wannan zazzaɓi mai cin gaɓoɓi da zuciya ya taɓa kamawa sau ɗaya, jikinsa ya riga ya koyi kuskuren. Duk ranar da ƙwayar cutar ta sake sauka a maƙogwaronsa, sojojin jikinsa za su sake far wa ƙofar zuciya, kuma kowane dawowa yana ƙara tabo a kan tabo. Abin da ke tare wannan shi ne allurar benzatin fenisilin duk bayan mako huɗu, wasu ma mako uku, shekara da shekaru. Ƙa'idar da likitoci suka fi bi ita ce aƙalla shekara biyar ko har ya kai 21 idan zuciya ba ta taɓu ba, shekara goma ko fiye idan ta taɓu, wanda ƙofarsa ta lalace sosai kuwa har shekara 40, wani ma iya rayuwarsa. Likita ne ke cewa a tsaya. Uba ba ya cewa, yaro ba ya cewa.

Kuma tana aiki. A yankin Gulu na ƙasar Uganda an bi yara kusan 800, 'yan shekara 5 zuwa 17, waɗanda hoton zuciya ya nuna ciwon ya fara taɓa su tun bai fito fili ba. Rabi ana yi musu allurar duk wata, rabi ba a yi. Bayan shekara biyu, cikin waɗanda ake yi wa, yara 3 ne ciwonsu ya ƙaru. Cikin waɗanda ba a yi wa, 33. An fitar da sakamakon a 2021. Uku da talatin da uku: ko wanda bai yi boko ba ya san bambancin.

Allurar tana da zafi, ba zan ɓoye ba. Ruwanta kauri gare shi kamar kunu, a ɗuwawu ake yin ta, yaro yakan yi ɗingishi har yamma. Saboda haka ranar allura yaro zai ɓuya a bayan rumbu, ko ya bi shanu daji tun asuba. Uba, wannan ranar taka ce. Ka ajiye fartanya, ka ɗora shi a babur da kanka. Watannin da aka fi tsinkewa su ne na damina, lokacin noma da lalacewar hanya, da watan azumi, da lokacin da aka tura yaro wani gari. KADA a tura shi ko'ina, karatu ko aikatau ko hutu gidan gwaggo, sai da katinsa da sunan asibitin da zai ci gaba. A tabbata ya ci abinci ya sha ruwa kafin a yi masa, a zauna rabin awa bayan an yi. A asibiti ake yin ta, inda akwai abin ceto idan jiki ya ƙi ta, ba a shagon kemis ko a zaure ba. Wanda zuciyarsa ta riga ta yi rauni sosai, likita na iya mai da shi kan ƙwaya maimakon allura, kuma wannan ma hukuncin likita ne.

Kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa. Wanda ya gaji da allurar wata, abin da ke jiransa shi ne neman kuɗin tiyata.

Alaramma, gafarta Malam, A DUBA makwancin almajirai.

Wannan ƙwayar cuta ta numfashi da yawu take bi, kuma babu inda take jin daɗi kamar ɗakin da yara ashirin suka cunkushe da hunturu, an toshe taga da tsumma saboda sanyi. Wanda ke zazzaɓi da ciwon wuya a ware masa gefe, a ware masa kofi, a kai shi asibiti. Yaron da iyayensa suke nesa ba shi da mai lura da haɗiyar yawunsa sai kai. Haka ƙazwa: KADA a ce ai ɗan tsangaya sai da ƙazwa. Susar da ake yi har fata ta fashe ita ke buɗe wa irin wannan ƙwayar cuta ƙofa, gyambo ya yi ruwa, bayan 'yan makonni a ga fuskar yaro ta kumbura da safe, fitsarinsa ya koma kalar shayi, jininsa ya hau. Ƙoda ce ta taɓu, kuma hawan jinin na iya kai ɗan shekara bakwai ga jijjiga ko ga gazawar zuciya. Maganin ƙazwa kowa da kowa ake shafa wa a rana ɗaya, a wanke tufafi, a shanya tabarmi a rana. Abin da aka faɗa wa Malam ya hau kan shugabannin makarantun kwana, ya hau kan maigidan da ya tara 'ya'ya goma a ɗaki ɗaya alhali ga wani ɗakin an cika shi da buhunan gero.

KADA a ɓoye yaro ranar rigakafi.

Mashaƙon da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya bazu zuwa jihohin maƙwabta, har da Jigawa, kuma akasarin waɗanda ya kwantar yara ne da ba a yi wa rigakafi ba. Mutane sun san shi da shaƙe wuya. Abin da ba a cika sani ba shi ne dafinsa yana bin jini ya sauka a naman zuciya, yaro ya fara samun sauƙin wuya, bayan mako ɗaya ko biyu zuciya ta tsaya. Rigakafinsa yana cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14, kuma kyauta ce. Uku ce. Wanda ya yi ɗaya ya tsaya saboda jariri ya kwana yana kuka, bai gama ba.

A LURA da jaririn da ke gajiya a kan nono.

Wajen jariri ɗaya cikin kowane ɗari ana haifarsa da wata tawaya a zuciya, ko huda a bangon da ya raba ɗakunanta, ko ƙofa matsattsiya, ko jijiyoyin da suka sauya wuri. Wasu ƙananan hudojin da kansu suke toshewa. Wasu kuwa ba sa jira. Uwa ce ke fara gani, in ta san abin da za ta duba: ya kama nono ya ja kaɗan ya saki yana haki, gumi ya tsattsafo masa a goshi ko da sanyin safiya, watanni suna tafiya nauyi ba ya ƙaruwa, ciwon haƙarƙari yana dawowa a kai a kai, ko leɓe da harshe da farce su yi duhu-duhu, musamman in yana kuka. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya. Idan ya kai 60 ga wanda bai cika wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ba a kwana da shi a gida.

KADA a ce nonon uwa ne ba kyau a yaye shi, ko a shiga yi masa ɗurin jiƙe-jiƙe. KADA a ce maita ce. Idan yaro mai tafiya yana yawan tsugunnawa a tsakiyar wasa don ya huta, a faɗa wa likita da wannan kalmar, tsugunno, domin alama ce da ya sani. In kuma irin wannan yaro ya yi duhu farat ɗaya yana neman shiɗewa, a naɗe gwiwoyinsa a haɗa da ƙirjinsa, a rarrashe shi, a nufi asibiti a haka. Jariran da aka haifa da larurar nan ta galahanga mai sa ido ya ɗan karkace, harshe ya riƙa leƙowa, kusan rabinsu suna da matsalar zuciya. A nemi a duba tun suna ɗanyen goyo, ko da ba a ga komai ba.

Mai ciki kuma ta je awo, a gwada jininta da sukarinta, kuma kada ta sha kowace ƙwaya ko saiwa a watanni ukun farko ba da sanin ma'aikacin lafiya ba, domin a makonnin nan ne ake ƙera zuciyar ɗan tayi.

A DUBA tafin hannu da cikin fatar ido.

A ƙasarmu zuciyar yaro tana gazawa ko da lafiyarta ƙalau, idan jini ya ƙare. Zazzaɓin cizon sauro yana fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki tana zuƙa, sikila tana nata, abinci kuma ba ya mayarwa. Jini in ya tsinke, dole zuciya ta ninka gudu don ta kai iska ko'ina, har ta gaji. Tafin hannu fari fat, yaro yana haki, ba ya iya shan nono ko ruwa: wannan na gaggawa ne. In an ce a ƙara masa jini, KADA maza su zame ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi alwala, wancan ya tafi sayo kati. Na ga an yi haka, kuma ban ga abin da ya fi shi ban kunya ba. Leda ɗaya ba ta rage namiji da komai. Gidan sauro kuma a kan shimfiɗar yara ake ɗaura shi, ba a kan lambun tumatir ba. Maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana rabawa da damina ga yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, na kwana uku ne a kowane wata. A ba da na rana ta biyu da ta uku bayan masu rabon sun tafi.

KADA a sa wa yaro mai kumburi ko mai haki ƙarin ruwa a gida.

Mun ɗauki ƙarin ruwa kamar shi ne sarkin magani, har wani yana ganin in ba a rataya leda ba, ba a yi masa komai ba. Zuciyar da ta gaza, ruwa ne ya riga ya yi mata yawa, shi ya sa ƙafa ta kumbura, huhu ya cika. Ka ƙara mata leda guda, ka nutsar da yaron a kan gadonsa. Haka yaro mai tamowa, wanda zuciyarsa ta rame kamar yadda cinyarsa ta rame. Duk wanda ya zo gida da leda da allura ya ce zai sa wa irin wannan yaro ruwa, a sallame shi tun daga zaure.

Tunda an ambaci tamowa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna sama da kashi 60 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Likitoci sun daɗe da gano cewa wanda aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi shiga haɗarin hawan jini da ciwon sukari idan ya girma. Ke nan hawan jinin ɗan shekara arba'in wani lokaci tun daga cikin uwarsa aka shuka shi. Nono zalla wata shida. Bayan haka kunu ya samu gyaɗa ko waken suya, a ba yaro ƙwai, wake, zogale, ɗan kifi. KADA a kwashe ƙwan gidan duka a kai kasuwa, a sayo wa yaro biskit da canjin. Abincin tamowa na leda da ake bayarwa a asibiti magani ne na yaron da aka rubuta wa. Wanda ya sayar da shi ko ya shafa a burodi ya san abin da ya ci.

A RAGE gishiri da dunƙule.

Littattafan Turawa idan suna maganar zuciyar yara, ƙiba da zaman kallo suke nufi. Yaron Ahoto ko Churbun da ke kiwo, yana ɗebo ruwa, yana taka sayyada zuwa makaranta, ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki. Amma cikin Dutse abin ya fara shigowa, kuma ɗan ma'aikacin da ake kai wa makaranta a mota, ya dawo ya rungumi waya, yana bukatar aƙalla awa guda ta guje-guje kullum. Wanda ya haɗa birni da ƙauye shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi, yaro kuma ƙasa da haka. Yanzu a lissafa: gishiri a miya, dunƙule huɗu ko biyar a tukunya ɗaya, yajin da aka daka da gishiri da wani dunƙulen, ga taliyar leda da ake juye mata sinadarinta duka. Harshen yaro abin da aka saba masa shi yake nema har tsufa. Daddawa tana nan, ba ta yi wa kowa laifi ba. Lemon kwalba ya zama na ranar Salla. Lemon ƙara kuzari da samari ke sha kuwa, ba na yaro ba ne ko kurɓi ɗaya.

KADA a sha sigari a ɗakin da yara ke kwana, kada kuma a aiki yaro sayo ta. KADA a goya jariri a tsaya a kan murhu cikin rufaffen madafi, ko a kwana da garwashi a ɗaki an rufe ƙofa.

Yaron da aka ce ƙofar zuciyarsa ta taɓu, A KULA da haƙoransa. Ƙwayoyin cutar ruɓaɓɓen haƙori suna shiga jini su maƙale a ƙofar da ta yi tabo. Asuwaki ko buroshi safe da dare, kuma duk wanda zai cire masa haƙori a gaya masa tun kafin ya taɓa.

KADA a aurar da yarinya mai wannan ciwo na ƙofar zuciya a ɓoye wa mijin.

Wani babban bincike da ya bi masu wannan ciwo sama da 3,000 a ƙasashen Afirka 12, har da Nijeriya, da Indiya da Yaman, ya samu kashi biyu cikin uku mata ne, rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma cikin shekara biyu kusan mutum ɗaya cikin shida ya rasu. Ciki yana ƙara yawan jinin mace da kusan rabi. Ƙofar da take lallaɓawa da jinin mutum ɗaya, ba lalle ta ɗauki na biyu ba. Sau da yawa a cikin fari ne ake gano ciwon da ya kwana tun tana aji uku na firamare. Iyaye suna ɓoyewa don kada a fasa, sai a kai ta ɗaki da katin allura a ƙasan akwati, ta daina zuwa don kunyar dangin miji. A faɗa. A je wurin likita tare da mijin kafin ciki, a haihu a babban asibiti. Bayan haihuwa kuma a ɗauke mata kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda gazawar zuciya ta yi yawa a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka kuma nuna yatsa ga kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. Mai lafiyayyar zuciya ma yaya ta ƙare, balle wadda tata ke yoyo.

A NEMI hoton zuciya, a kuma yi hattara da masu cin kasuwar tsoro.

Idan ma'aikacin lafiya a Gantsa ya ce ya ji wani sauti a ƙirjin yaro, a karɓi takardar turawa a tafi, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, in ta kama har Asibitin Malam Aminu Kano. Hoton da ake kira eko ba ya zafi, ba a huda ko'ina, wani ɗan abu ne ake gogawa a ƙirji. Ba kowane sauti ne ciwo ba, yara da yawa suna da shi lafiya lau, amma hoton ne zai raba gardama. KADA a jira sai an sayar da riɗi.

Tiyata tana nan. Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu, kuma cibiyar Salam da ke Khartum, wadda aka buɗe a 2007, ta yi wa dubban 'yan Afirka aiki kyauta kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya dagula zuwa can. Amma kuɗinta a gida miliyoyi ne, layinta dogo ne, kuma wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe zai sha maganin tsinka jini iya rayuwarsa, da gwaji a kai a kai. KADA a ba da ko sisi ga mai mota da lasifika da ya ce garinsa yana toshe hudar zuciya ko yana wanke ta. KADA a daina ƙwayar fitsarin da likita ya rubuta don kumburi ya saɓe. Ya saɓe ne saboda ana sha.

Ku kuma masu riƙe da lafiya a ƙaramar hukuma da jiha, tun watan Mayun 2018 ƙasashen duniya suka amince a babban taron lafiya na Janeba cewa za su tunkari wannan ciwon zuciya da ke farowa daga maƙogwaro. Abin da ake nema a wurinku ba gini ba ne. Kada benzatin fenisilin ya yanke a kowane asibitin mazaɓa, daga Kawaya har Falageri. A buɗe rajista guda mai sunan kowane yaro da ke karɓar allura, da ƙauyensu, da lambar wayar wani nasa. Ranar da ya kamata ya zo bai zo ba, kafin mako ya zagayo wani ya hau babur ya je ya tambayi dalili.